Litinin Biyu a Mako Ɗaya

Da la'asar ɗin Litinin, ana gab da kaɗa ƙararrawar addu'ar yamma, Tausala ta buɗe akwatin katako ta tarar babu tabarmar girma ta gidan. Ihun da ta kurma, har karnukan gidan fasto sai da suka amsa mata.

Kafin ka ce wani abu duk ƙauyen Vaimoe ya cika gidan. Gidajenmu dama ba bango, ginshiƙai ne da rufi, don haka wanda bai samu wurin zama ba ya tsaya daga waje yana kallo kyauta. Tabarmar nan ba ta zama ba ce. Saƙarta siririya ce kamar gashin kai, laushinta kamar tsohon zane, bakinta an jera jajayen gashin tsuntsu. Da irinta ake ɗaurin aure, da ita ake biso, ita ake lulluɓa a kai in za a nemi gafarar babban laifi. Da safiyar ranar mata huɗu sun ga an shanya ta an mayar. Da tsakar rana maza suna gona, mata suna taro a gidan fasto. Mutum ɗaya ce aka bari a gida tana dafa gwaza, wato Sieni.

Sieni matar ɗan Tausala ce, 'yar wancan tsibirin na Savai'i. Teku ta cinye mijinta bara, ta bar ta da 'yan mata biyu a gidan da ba nata ba.

"Ni dai ban kira sunan kowa ba," in ji Tausala, tana kallon Sieni kamar za ta huda ta. "Amma akwati ba ya buɗe kansa."

Pelenato mashayi, wanda ke rungume da ginshiƙi don kada ƙasa ta kuɓuce masa, ya ce, "Gwaggo, Juma'a sukutum aka sace mana ba a kama ɓarawon ba, balle tabarma."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Shekarar nan ce gwamnati ta haɗiye mana rana guda, muka kwanta Alhamis muka tashi Asabar. Wata biyar ke nan da yin abin, amma tsofaffi in ka tambaye su yau wace rana, sai sun ɗan ɗaga kai sama tukuna.

Tuimoa, shugaban dattawan ƙauye, bai yi dariya ba. Ya ce majalisa za ta zauna Litinin mai zuwa. Duk wanda aka samu da laifin zai bar Vaimoe. In kuwa Sieni ce, ita za ta tafi, 'ya'yan su zauna a gidan ubansu. Sannan ya juya ga ƙanen Tausala.

"Moevao, kai ne mai karanta ƙasa. Kana da mako guda."

Moevao ya gyaɗa kai kawai. Mutum ne dogo, ramamme, wanda zai iya bin sawun aladen da ya ɓace kwana uku a cikin daji ya dawo da shi a ɗaure, amma in ka samu kalma goma daga bakinsa a wuni, ka yi sa'a.

*

Da sassafen Talata ya zagaya bayan gida. An yi yayyafi ranar Lahadi, ƙasa na da taushi. Ya ga sawun Sieni, gajere mai faɗi, daga madafa zuwa rijiya, daga rijiya zuwa madafa. Ya ga silifa ɗaya a gindin ayaba, wanda ko makaho ya san na Pelenato ne, don an ɗaure igiyarsa da waya. Can gefen itatuwan koko kuma ya ga wani sawun, na namiji, ba takalmi. Ya shigo da nauyi a kan yatsu, kamar mai sanɗa. Ya fita da sauri.

Moevao ya tsuguna. Babban yatsan ƙafar hagu ya karkace waje kamar mai nuna hanya.

Ya daɗe a tsugune. Shi da kansa ya ɗaure yatsan nan da ɓawon kwakwa shekara ashirin da biyar da suka wuce, ranar da ɗansa Fetuao ya faɗo daga bishiya, ƙashin kuma ya kama a karkace. Amma Fetuao yana can ƙetaren ruwa, a Pago Pago, yana aiki a masana'antar kifin gwangwani, yana jinyar uwarsa. Moevao ya tsinko ganyen gwaza ya rufe sawun, shi kansa bai san ko ɓoye shi yake yi ko adana shi ba.

Ya bi sawun ta cikin gonaki, ya haura tudu, ya gangara rafi. A kan wata ƙaya ya tsinci jan gashin tsuntsu guda ɗaya, ya soke shi a ƙullin zanensa. Wajen ƙarfe uku na rana sawun ya ƙare a bakin kwalta, inda motar haya ke tsayawa.

Da ya dawo gida ya tarar matar fasto tana jiransa da waya a hannu. An bugo daga Pago. Malaea ta rasu.

To, ga waɗanda ba su sani ba, kuma a Vaimoe ba wanda bai sani ba, Malaea ce matar Moevao, ita ce ta saƙa tabarmar nan. Shekara uku ta yi a kanta, har idonta ya fara gani dishi-dishi. Da ta gama, Tausala ta ce abin da aka saƙa a gidan nan na gidan nan ne. Magana ta yi tsami, Malaea ta faɗi wata kalma a gaban dattawa wadda ba a faɗa, aka ce ta tattara nata ta bar ƙauye. Duk tsawon zaman nan Moevao yana jingine da ginshiƙi yana kallon yatsun ƙafarsa. Malaea ta juyo ta dube shi sau ɗaya. Bai ɗago ba. Shekara ashirin ke nan. Yaron ya tashi a hannun uban, da ya yi ƙarfi ya bi uwarsa.

Da aka gaya wa Tausala rasuwar, ta ce, "Allah ya ji ƙanta," sannan ta ci gaba da kankare kwakwa da ƙarfin da ya fi na kullum.

*

Laraba Moevao ya nemi Pelenato, ya same shi kwance a cikin kwalekwalen da aka jawo tudu.

"Silifanka."

"Kai, Allah ya yi maka albarka! Kwana biyu ina ɗingishi kamar kaza mai ƙafa ɗaya."

"Me ya kai ka bayan gidanmu?"

"Ayaba, Kawu. Nunu biyu kacal. In tabarma ake nema, dube ni da kyau. Ni da ko ta kwanciya ba ni da ita, ina zan kai ta sarakai? In shiga kasuwa da ita a kafaɗa, 'yan sanda ma dariya za su fara yi kafin su kama ni."

"Ka ga wani?"

"Na ga mutum biyu. Amma a halin da nake ciki ranar, ko kai na gani, ku biyu zan gani."

Sieni kuwa ya tarar da ita a bakin maɓuɓɓuga tana wanki. Mata sun riga sun janye kayansu daga kusa da ita, sun bar mata fili kamar mai cutar ƙyanda. Akwai wadda ta rantse ta gan ta da ƙunshi a hammata ranar Litinin tana sauri.

"Mene ne a ƙunshin, 'yata?"

Sieni ta jawo wata farar riga daga cikin ruwa. "Rigar cocin mijina ce, Kawu. Duk mako nake wanke ta. Ba na so Gwaggo ta gani, za ta ce na haukace." Ta matse rigar a hankali. "Ina madafa, hayaƙi ya cika mini ido, ban ji komai ba. In sun kore ni, ƙaramar ba ta iya barci sai ta riƙe kunnena. Wa zai ba ta kunnensa ta riƙe?"

Moevao ya shafa ƙullin zanensa. Jan gashin yana sukarsa a ƙugu.

*

Ranar Juma'a Fetuao ya iso, bayan ya binne uwarsa. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Aka zauna gaisuwa, aka sha koko, Tausala har da share hawaye da bakin zane, ko da yake ni da ke kusa ban ga zanen ya jiƙe ba. Da mutane suka ragu, uban ya ja shi gindin mangwaro.

"Ina kake ranar Litinin?"

Fetuao ya dubi ubansa, ya dubi ƙasa. "Ina bakin gadon Inna. Tun hantsi har ta cika da ƙarfe uku."

Ya zaro takardar asibiti daga aljihu. Moevao bai yi nisa a karatu ba, amma ya san yadda ake rubuta Litinin, ya kuma san sa hannun ɗansa. Ga su nan, baƙi a kan fari. Mutum nawa ne a duniya ke da karkataccen yatsa? Ya dafa kafaɗar yaron, abin da bai yi ba tun yana ƙarami.

Amma da yamma ya ga Fetuao ya tsaya daga nesa yana kallon Sieni tana taje wa ƙaramar 'yarta kai. Ya ga ya juya ya shige cikin ayaba. Da Moevao ya bi wurin daga baya, ya ga sawun da ya bari a laka. Ya je ya ɗaga ganyen gwazar nan. Ko tagwaye ba su kai haka kama ba.

Ƙasa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Takarda kuma, an ce, ba ta yi.

*

Asabar ya ɗauki kwandon gwaza ya ce zai kai kasuwar Apia, babban birninmu. Bai je kasuwar ba. Ya sauka a ƙaramin filin jirgi na Fagali'i, inda bai taɓa taka ƙafarsa ba. Wani jirgi ɗan mitsitsi na zaune a kan kwalta kamar fara. A cikin rumfa ga wata mace mai jiki, fure a bayan kunne, tana tsaye gaban babban sikeli. Sunanta Apolonia, ita ke auna fasinja da kayansu, don ƙaramin jirgi sai an san nauyin kowa kafin a raba wurin zama.

"Baba, kai ne za ka hau ko gwazar?"

"Tambaya na zo yi. Daga nan zuwa Pago, tafiyar nawa ce?"

"Mil tamanin ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Minti talatin da biyar. Kafin ka gama addu'ar tsoro an sauka."

"Mutum zai iya kasancewa a nan da tsakar ranar Litinin, kuma yana can tun hantsin Litinin ɗin?"

Ya zaci za ta ce masa ya je ya kwanta. Sai ta tuntsire da dariya har furen ya faɗo.

"Kai ma irin su Babana ne! Ai mu kaɗai aka ciyar gaba, Baba, su na Pago gwamnatinsu daban, ba su motsa ba. Da can ranarmu ɗaya, yanzu mun riga su da kwana guda cif. Ka tashi nan Talata ƙarfe goma, ka sauka can Litinin ƙarfe goma da minti talatin da biyar. Mijina cewa yake, in muka yi faɗa zai hau jirgi ya koma jiya ya gyara bakinsa. Na ce ya hau sikeli tukuna mu ga ko jirgin zai iya da shi."

Moevao ya ajiye kwandon a hankali.

"Talatar da ta wuce," ya ce, "akwai wani saurayi, dogo kamar ni, da wani abu a naɗe?"

"Mai karkataccen yatsa? Ai a kan sikelina ya tsaya, ina kallon ƙafarsa. Litinin da safe ya sauka a nan hannu rabbana, Talata ya dawo da abu a naɗe cikin zanen gado. Na ce kawo a sa a bayan jirgi, ya rungume shi kamar jariri. Na ce to, hau tare da shi. Abin ko nauyin kaza bai kai ba." Ta tsaya ta dubi fuskarsa. "Baba, lafiya? In kawo maka ruwa?"

Ya bar mata gwazar duka, ya fita.

Ranar Lahadi bayan coci ya sami ɗansa a bakin teku. Bai zauna ba. Ya ce, "Gobe zan yi magana. In ka riga ni, ya fi." Fetuao bai juyo ba.

*

Litinin da hantsi aka hallara a babban ɗakin taro. Dattawa kowa a gindin ginshiƙinsa. Aka zaunar da Pelenato a gefe, an samu wani ya zuba masa ruwa a kai. Sieni a tsakiya, ta riga ta ɗaure ɗan ƙunshin kayanta ta ajiye a waje, 'yan matan biyu suna zaune a kai. Fetuao yana baya cikin samari. Mu kuma mata muna zagaye, wai mun zo kawo abinci.

Tuimoa ya ce, "Moevao, me ƙasa ta gaya maka?"

Moevao ya dubi wajen samari. Ya jira. Ba wanda ya motsa. Sai ya kwance ƙullin zanensa ya ajiye jan gashin a kan tabarma.

"Pelenato ayaba ya sata."

"Biyu kacal, ranka ya daɗe," in ji Pelenato.

"Sieni ba ta wuce madafa da rijiya ba. Wanda ya ɗauki tabarmar ta gonar koko ya shigo, ta nan ya fita. Na san ƙafar. Ni na ɗaure ta." Ya juya wajen samari. "Ta Fetuao ce."

Wuri ya rikice. Tausala ta yi zumbur ta miƙe, ta manta a gaban dattawa take. "Ka haukace ne? Yaron yana Pago ranar Litinin, fasto ma ya ga takardar! Za ka ɗora wa jininka laifi don ka wanke bare?"

"Yaya, zauna," in ji Moevao. Tunda uwarsu ta haife su bai taɓa ce mata haka ba, mamaki ne ma ya zaunar da ita. "Litinin biyu ya yi. Ɗaya a nan, ɗaya a can. Mu ne muka manta an raba mu da Pago da kwana guda. Ya ɗauka a Litinin ɗinmu, ya hau jirgi Talata, ya sauka a Litinin ɗinsu."

Tsofaffi suka fara ƙirga da yatsu. Kafin su gama, Fetuao ya rarrafo daga baya ya zube a tsakiyar ɗaki, kusa da Sieni.

"Haka ne," ya ce. "Kwana uku Inna tana shafa bargon asibiti tana cewa wannan saƙar ba tata ba ce. Na bugo wa Gwaggo waya na roƙa, ko aro ne. Ta ce wadda aka kora ba a bin ta da kayan gida."

Duk ido ya koma kan Tausala. Wannan wayar ba ta gaya wa kowa ba.

Fetuao ya ci gaba, "Na yi niyyar in dawo da ita. Amma da na shimfiɗa mata, ta bi bakin da yatsa har ta samu inda ta yi kuskure a shekara ta biyu, ta yi dariya. Rabona da dariyarta har na manta. Ta cika tana riƙe da ita, na kasa ɓamɓare hannunta." Ya kifa goshi a ƙasa. "Tabarmar tana cikin kabari tare da ita. Da na zo na tarar an ɗora wa Sieni, kullum sai in ce gobe zan faɗa. Ki yafe mini, Sieni."

Sieni ta tashi ta fita waje, ta sauke 'ya'yanta daga kan ƙunshin, ta fara kwance shi.

Dattawa suka daɗe suna shawara. Doka doka ce, in ji Tuimoa, ko da yake bai iya kallon kowa ba lokacin da yake faɗa. Fetuao zai bar Vaimoe, ba zai sake taka ta ba sai bayan shekara biyar. Sai Moevao ya ce yana da sauran magana.

"Shekara ashirin da suka wuce, a gindin ginshiƙin nan nake zaune aka kori mai tabarmar. Na san tata ce. Ban ce komai ba. Yaron nan abin da ya kamata in kai mata da hannuna ya kai."

Washegari da fitowar rana aka gan shi durƙushe a ƙofar madafa, inda Sieni ke hura wuta, ya lulluɓe kansa don neman gafara kamar yadda ake yi. Da yake ta girman tana ƙarƙashin ƙasa a Pago, tabarmar kwanciyarsa ya lulluɓa, tsohuwa mai huda biyu. Sieni ba ta bar shi ya daɗe ba. Ta yaye masa, ta ce, "Kawu, tashi ka sha koko, gwiwarka ba ta yara ba ce."

*

Ranar Laraba su biyu suka tsaya gaban sikelin Apolonia, uba da ɗa. Moevao ya sa farar rigar coci, yana riƙe da jan gashin nan a cikin ganye, zai kai shi kabari.

"Ka ga Baba mai gwaza! Hau mu gani. Kai, ku duka biyun ba ku kai mijina ba."

Suka zauna a benci suna jiran kira. Moevao ya daɗe yana kallon ɗan jirgin.

"Ta yi maganata?"

"Sau ɗaya. Ta tambaye ni wace rana ce a gida. Na ce Talata. Ta ce, to, ƙarfe uku na Talata ubanka yana cikin daji yana bin sawun wani abu."

Moevao ya tuna bakin kwalta, inda sawun ya ƙare. Ya shafa fuskarsa da tafin hannu.

Aka kira fasinja. Da ya zo wucewa ta gaban Apolonia sai ya tsaya.

"'Yata, kin ce in mun sauka jiya ce."

"Jiya ce, Baba. Talata za ku tarar."

"Kwana ɗaya kawai yake mayarwa?"

Ta buɗe baki za ta yi masa ba'a irin tata, sai ta ga idonsa. Ta cire furen kunnenta ta ɗora masa a kan ganyen da ke hannunsa.

"Ɗaya kawai, Baba," ta ce.